Me ya sa Kiristanci ya kafu a Koriya, bai kafu a Jafan ba?

Aminu: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masana tarihin zauren nan, musamman Baba Bulus. A ƙidayar Koriya ta Kudu ta 2015, 'yan Furotesta sun kai kashi 19.7 cikin ɗari, 'yan Katolika kashi 7.9, mabiya Buda kashi 15.5, fiye da rabin jama'a kuma suka ce ba su da addini. Ke nan Kiristoci sun rinjayi mabiya Buda a ƙasar da addinin Buda ya haura shekara 1,600 a cikinta. Ga Jafan nan maƙwabciyarsu, 'yan mishan sun riga shiga can, amma har gobe Kiristocinta ba su wuce kashi ɗaya ko biyu ba. Ni a wurina amsar a fili take: Amurka ce. Ita ta riƙe Kudu bayan 1945, ita ta tsaya musu a yaƙin 1950 zuwa 1953, ita ta ciyar da su lokacin yunwa, shugabansu na farko Syngman Rhee kuma ɗan Metodis ne da ya daɗe a Amurka. Akwai wani dalili da ya wuce wannan?

Sista Saratu: Wa alaikumus salam Malam Aminu. Kafin Baba ya shigo, ai Amurka ta riƙe Jafan ita ma, daga 1945 har 1952, kuma Janar MacArthur da bakinsa ya nemi a turo 'yan mishan da Littafi Mai Tsarki. An turo su kuwa. In ƙarfin Amurka ne kaɗai, da Jafan ma ta cika da majami'u.

Malam Bulus: Wa alaikumus salam. Aminu ɗana, daga tsakiya ka ɗauko labarin. Sau biyu addinin nan yana shiga Koriya, kuma duka biyun 'yan ƙasa ne suka ɗauko shi da hannunsu kafin wani baƙo ya zo ya zauna.

Na farko Katolika. Wasu malaman Koriya sun karanta littattafan da ake shigowa da su daga Sin, sai ɗayansu, Yi Seung-hun, ya bi tawagar sarki zuwa Bejin, aka yi masa baftisma a can a 1784, ya dawo ya yi wa abokansa. A lokacin babu fada, wato limamin Katolika, ko ɗaya a ƙasar. Daular Joseon, mai mulkin Koriya a lokacin, ta yi ta karkashe su, a 1801, da 1839, da 1846, sai mafi muni a 1866, inda dubbai suka halaka, har da limaman Faransa tara.

Na biyu Furotesta. John Ross, mutumin Sukotlan, yana zaune a Manchuriya, ba shi da ikon shiga Koriya. Sai ya riƙa zuwa kasuwar kan iyaka yana neman fataken garin Uiju su koya masa harshensu. Da su ya yi aikin fassara, Linjilar Luka da ta Yohanna suka fito a 1882, Sabon Alkawari gaba ɗaya a 1887. Cikin fataken akwai Seo Sang-ryun, mai fataucin saiwar jinsen, wanda ciwo ya kayar a can, 'yan mishan suka yi jinyarsa. Irinsu ne suka tsallako da littattafan, a zamanin da kama mutum da su kan iya jawo masa takobi. Shi da ƙanensa suka tara masu bi a ƙauyen Sorae, a lardin Hwanghae, wajen 1884. Horace Underwood da Henry Appenzeller, waɗanda kowa ke ambata da farko, sai ranar Ista, 5 ga Afrilu 1885, suka sauka a Jemulpo, wato Incheon ta yau. Ko su ɗin, sun sauka ne riƙe da Linjilar Markus wadda wani ɗan Koriya, Yi Su-jeong, ya riga ya fassara a Jafan. Da Underwood ya kafa majami'ar Saemoonan a Siyol a 1887, kusan dukan mutanenta na farko ta hannun Seo da abokansa suka ba da gaskiya. Da ɗan gari akan ci gari.

Hajiya Rabi: Malam Bulus sannu da ƙoƙari. To amma talakan ƙauye na wancan zamani, ya iya karatu ne har da za a miƙa masa littafi? Sannan me ya sa sarauta ta tsane su haka, har da kisa?

Malam Bulus: Hajiya, ta farkon nan ita ce gindin maganar. Rubutu iri biyu ne a Koriya. Masu sarauta da malamai, ajin da ake kira yangban, da haruffan Sin suke rubutu, dubban alamomi da sai mutum ya yi shekaru yana haddacewa, kuma da su ake jarrabawar shiga aikin sarki. Sai Hangul, wanda Sarki Sejong ya tsara a 1443, haruffa ashirin da 'yan kai da mutum zai iya koya cikin kwanaki. Manya sun raina shi, suna ganin na mata ne da marasa ilimi. Ross da fatakensa wannan rainannen rubutu suka ɗauka. Manomi da matarsa suka wayi gari da littafi a hannu cikin harshen da suke magana da shi a gida. Bayan girbi, lokacin sanyi, mutane kan tako daga ƙauyuka da guzurin shinkafarsu su yi mako guda ko fiye suna ajin nazarin Littafi. Akwai kuma matan bishara, yawancinsu zawarawa da dattijai, masu shiga cikin gida inda baƙon namiji ba ya shiga, su sayar da Linjila, su zauna su koya wa matan gida haruffa. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito a 1911.

Ita kuwa tsana, daga hadayar kakanni ta taso. Daular ta ginu a kan koyarwar Konfushiyas, inda ɗa nagari ke ajiye allon sunayen iyayensa da suka rasu, yana kai musu abinci yana rusunawa. A 1791 wani ɗan Katolika, Yun Ji-chung, ya ƙone allunan gidansu, ya binne mahaifiyarsa ba tare da hadayar ba, aka fille masa kai. A idon sarauta, wanda ya ƙi kakanninsa ya ƙi sarki. 'Yan Furotesta ma sun hana hadayar, da yawa danginsu suka kore su a kan haka, sai suka musanya ta da sujadar tunawa da mamaci a gida. Roma kuwa ta sassauta wa nata a 1939.

Sista Saratu: Baba, kada dai a rage wa asibiti nasa rabon, domin shi ya buɗe ƙofar fada. Horace Allen likita ne, ya iso a Satumba 1884. A Disamba aka yi yunƙurin juyin mulki, aka sassari Min Yeong-ik, ɗan'uwan sarauniya, da takobi. Allen ya ɗinke shi, ya yi ta jinyarsa har ya miƙe. Sarki Gojong ya ba da izinin buɗe asibiti a Afrilu 1885, wanda daga baya ya zama asibitin Severance, yau yana ƙarƙashin Jami'ar Yonsei.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na mahaucin nan, Park Seong-chun. Mahauta a Koriya, baekjeong, su ne ƙasan kowa. Ba a yarda su sa hular da sauran maza ke sawa ba, yaro ƙarami ma yana yi musu magana ba ladabi. Mu ma nan mun san yadda wasu gidaje ke yi in mahauci ya zo neman aure, to nasu ya ninka haka, domin doka ce ta tsare shi. Park ya kwanta ciwo a 1894, wani ɗan mishan, Samuel Moore, ya ɗauko Dokta Oliver Avison, likitan da ke duba sarki da kansa, ya kai shi har unguwar mahauta ya duba shi. Hannun da ke taɓa sarki ya taɓa mahauci. A 1895 aka yi masa baftisma, manyan da ke majami'ar suka ce ba za su zauna wuri ɗaya da shi ba. Moore ya ƙi ware shi, suka fice, ya bar su suka tafi. Ɗan mahaucin nan, Park Seo-yang, yana cikin likitoci bakwai na farko da Severance ta yaye a 1908.

Nasiru: Sista, labarin yana da taɓa zuciya, ban musa ba. Amma Allen ɗin nan da kika yaba, ai barin aikin mishan ya yi ya koma jakadancin Amurka, kuma da hannunsa Amurkawa suka samu izinin haƙar zinari a Unsan, ɗaya daga cikin ma'adinai mafi arziki a yankin. Sannan da Jafan ta danne Koriya a 1905, ta haɗiye ta a 1910, matsayin yawancin 'yan mishan shi ne coci ba ruwanta da siyasa, a yi wa hukuma biyayya. Bishop Merriman Harris na Metodis ma a fili yake goyon bayan Jafan. Ita kanta Amurka ta kau da kai a 1905, duk da yarjejeniyar abota da ta ƙulla da Koriya a 1882. Don haka in za a yaba, a yaba wa 'yan Koriya, kada a wanke baƙin tas.

Hajiya Rabi: Nasiru, mutum ɗaya ba ya shafe aikin wasu. Ni abin da na sani a ɓangaren mata shi ne Mary Scranton ta buɗe makarantar Ewha a 1886 da ɗaliba ɗaya tak, saboda ba mai yarda ya ba da 'yarsa. Yau Ewha tana cikin manyan jami'o'in mata na duniya. Ɗaya daga cikin ɗalibanta na farko, Esther Park, ta gama karatun likita a Amurka a 1900, ita ce mace ta farko 'yar Koriya da ta zama likitar zamani, ta dawo gida ta yi ta aiki har tarin fuka ya ɗauke ta tana da ƙuruciya. Appenzeller kuma a teku ya rasu a 1902, jirginsu ya yi karo yana hanyar zuwa taron fassara a Mokpo. Ni Musulma ce, amma wanda ya ba da ransa ga abin da ya yarda da shi, ba zan haɗa shi da mai neman zinari ba.

Fasto Yakubu: Salama gare ku duka. Ina ta karantawa, na ga kowa na lissafin asibiti da makaranta da siyasa, ba wanda ya ambaci abin da su masu bin Koriya ke ɗauka a matsayin haihuwar ikilisiyarsu, wato falkaswar Piyongyang ta Janairu 1907. Ta faro ne tun 1903 a Wonsan, inda wani likita ɗan Kanada, Robert Hardie, ya tsaya a gaban 'yan Koriya ya furta girman kansa da rainin da yake yi musu. Bature ya roƙi gafarar waɗanda ya zo yi wa wa'azi, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani.

A 1907, a majami'ar Jangdaehyeon, maza fiye da dubu sun taru ajin nazari na lokacin sanyi. Da dare aka ce a yi addu'a, sai dukansu suka ɗaga murya lokaci guda, kowa da tasa. Dattijo Gil Seon-ju ya miƙe ya furta cewa ya ci amanar dukiyar da abokinsa ya bar masa ya kula wa iyalinsa. Daga nan mutane suka yi ta miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna kuka, wannan ya yi sata, wannan ya ƙi ɗan'uwansa. Washegari aka ga mutane suna bin gidaje da shaguna suna mayar da kayan da suka ci. Addu'ar asuba da addu'ar murya ɗaya da ake yi a majami'un Koriya har yau, a wannan zamanin suka yaɗu. Har aka riƙa kiran Piyongyang Urushalimar Gabas.

Aminu: Baba Fasto, da girmamawa, ku dubi shekarun. Yaƙin Sin da Jafan na 1894 an gwabza shi a cikin Piyongyang kanta. Yaƙin Rasha da Jafan 1904 zuwa 1905. Ƙasa ta suɓuce a 1905, a 1907 aka tilasta wa sarki sauka, aka rushe rundunar soja. Mutanen da aka yi wa haka dole su nemi inda za su yi kuka.

Fasto Yakubu: Ban ƙi ba, Aminu. Wahala takan buɗe kunne. Amma baƙin ciki kaɗai ba ya sa mutum ya ɗauki abin da ya sata shekaru da suka wuce ya kai wa mai shi da rana tsaka. Kai ka ga dalilin taruwarsu, ni kuma ina kallon abin da suka yi bayan sun watse.

Malam Bulus: Akwai abin da ya riƙe wutar nan ba ta mutu ba, shi ne tsari. A 1890 'yan mishan na Siyol, waɗanda yawancinsu matasa ne, suka gayyato John Nevius, tsohon ɗan mishan a Sin, ya ba su shawara. Abin da ya ce shi ne kada a ɗauki sabon mai bi aiki da kuɗin waje. Manomi ya ci gaba da nomansa yana shaida wa maƙwabta, jama'a su gina majami'arsu da ƙarfinsu ko da ta ciyawa ce, su biya mai koyar da su, su mulki kansu. A Sin abokan aikinsa ba su karɓa ba, a Koriya aka karɓa. Mata kan ɗebi cokalin shinkafa daga abin da za su dafa su ajiye wa ikilisiya, maza marasa kuɗi kan yi alkawarin kwanakin da za su fita wa'azi. Makarantar tauhidi da Samuel Moffett ya buɗe a Piyongyang a 1901 ta yaye fastoci bakwai a 1907, nan take aka tura ɗayansu, Yi Gi-pung, tsibirin Jeju. A 1912 suka yanke shawarar aika nasu 'yan mishan lardin Shandong na Sin.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Henry Venn na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, ya daɗe yana faɗarsa, shi ya tsaya har aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864. Amma a wannan shekara ta 1890 da Nevius ke Siyol, wasu matasan Turawa suka dakatar da limaman Afirka da ke aiki ƙarƙashin Crowther a bakin Neja. Dattijon ya rasu a 1891, aka naɗa Bature a gurbinsa. Shawara ɗaya ce, can aka bar wa 'yan ƙasa ragama, nan aka karɓe.

Nasiru: To Baba kun kawo mu inda nake so. Me ya sa aka iya bar musu? Domin ba ƙasar 'yan mishan ce ke mulkin Koriya ba. Wannan a ganina shi ne babban dalili, ya fi Hangul, ya fi asibiti. A Indiya da yawancin Afirka, mai wa'azi da mai mulki fatarsu ɗaya, harshensu ɗaya. A Koriya mai mulkin mallaka Jafan ce, ba Kirista ba ce, kuma tana zargin coci. Sai shiga coci ya zama ba cin amanar ƙasa ba ne. A 1911 Jafan ta ƙirƙiri zargin yunƙurin kashe gwamna, a 1912 ta yanke wa mutum 105 hukunci, akasarinsu Kiristoci. Ranar 1 ga Maris 1919, mutum 33 suka sa hannu a takardar shelar 'yanci: 16 Kiristoci, 15 mabiya Cheondogyo, addinin gida, 2 mabiya Buda. A lokacin Kiristoci ba su kai kashi biyu cikin ɗari na jama'a ba. Majami'u da makarantun mishan su ne hanyar da takardar ta bi ta kai ƙauyuka. A Jeam-ri, ranar 15 ga Afrilu, sojojin Jafan suka tara mazan ƙauye cikin majami'a, suka buɗe musu wuta, suka cinna wa ginin wuta. Frank Schofield, ɗan Kanada, ya je ya ɗauki hotuna ya fitar wa duniya, wannan kam na yaba masa. A Jafan kuwa, Kirista shi ake tuhuma da rashin biyayya ga sarki. Ga amsar tambayarka nan, Aminu.

Hajiya Rabi: Yarinyar nan Yu Gwan-sun ma ɗalibar Ewha ce. Ta koma garinsu ta shirya zanga-zanga a kasuwa, aka harbe iyayenta biyu a wurin, ita kuma ta rasu a kurkukun Seodaemun a 1920 ba ta kai shekara ashirin ba. Har yau yaran makaranta a Koriya sun san sunanta.

Fasto Yakubu: Sai dai kada mu tsaya a 1919, domin akwai 1938, kuma ni wannan shekarar ba na karanta ta ba tare da zuciyata ta yi nauyi ba. Jafan ta wajabta wa kowa rusunawa a wuraren bautar Shinto, addinin gargajiyar Jafan, tana cewa al'adar ƙasa ce, ba addini ba. An cire George McCune daga shugabancin makarantar Soongsil don ya ƙi, makarantar kuma aka rufe ta a 1938 maimakon ta bi. Amma a Satumba na wannan shekara babban taron Firesbiteriyan, 'yan sanda na zaune cikin zauren, ya zartar cewa rusunawar ba laifi ba ce. Metodis da Katolika sun riga sun bi. Kaɗan ne suka tsaya. Fasto Ju Gi-cheol na Piyongyang an kama shi sau da dama, an azabtar da shi, ya rasu a kurkuku a 1944, kuma 'yan'uwansa fastoci ne suka tuɓe shi daga aiki tun yana da rai. Bayan 1945, waɗanda suka fito daga kurkuku suka ce waɗanda suka rusuna su tuba kafin su koma bagade, waɗancan suka ƙi. A kan haka ikilisiyar ta fara tsagewa a farkon shekarun 1950, kuma tsagewar ba ta tsaya ba.

Aminu: Na ji duka, amma ina nan kan bakana ta fuskar yawa. Duk abin da kuka lissafa, zuwa 1945 Kiristoci 'yan kaɗan ne cikin ɗari. Tsallen daga nan zuwa fiye da rubu'in jama'a bayan yaƙi ya faru. A zamanin Rhee aka sa limaman Kirista cikin soja tun 1951, Kirsimeti ta zama ranar hutu tun ƙarshen shekarun 1940, ranar haihuwar Buda kuwa sai 1975 ta samu. Kayan agaji da yawa ta hannun majami'u suka bi. Sannan zamanin shugaba Park Chung-hee, 1961 zuwa 1979, miliyoyi suka bar ƙauye suka cika Siyol neman aikin masana'anta, ba dangi ba kowa, coci ta zama musu dangi. David Yonggi Cho ya fara a cikin tanti a 1958 yana wa'azin ceto da lafiya da wadata, cocinsa ta Yoido ta zama mafi yawan mabiya a duniya. Taron Billy Graham na 1973 a Siyol, ranar rufewa mutane sun kai miliyan. Wannan duk ba aikin fataken Uiju ba ne.

Malam Bulus: Ba aikinsu ba ne kai tsaye, amma ka tambayi kanka su wa suka karɓi agajin suka raba, su wa suka buɗe majami'un. Kafin 1945 ƙarfin Furotesta a Arewa yake. Kang Pan-sok, mahaifiyar Kim Il-sung kanta, wato shugaban Koriya ta Arewa na farko, daga gidan Firesbiteriyan ta fito. Mutumin da ya fi kowa farin jini a Piyongyang lokacin da Rashawa suka shigo Arewa a 1945, Cho Man-sik, dattijon ikilisiya ne, suka tsare shi a 1946, bai sake fitowa ba. Daga nan Kiristocin Arewa suka yi ta kwarara Kudu, da fastocinsu, da dattawansu, da sabonsu na gina majami'a da kuɗin aljihunsu. Han Kyung-chik ya kafa Youngnak a Siyol a 1945 da 'yan gudun hijira kaɗan, ta zama ɗaya daga cikin manyan majami'un ƙasar. Amurka ta tarar da ikilisiya mai shekara sittin, mai shugabanninta, wadda ba a yi mata kallon 'yar baƙi. A Jafan ba ta tarar da mai irin wannan gindi cikin talakawa ba.

Hijirar nan kuma ita ta haifi zafin ƙin kwaminisanci da ke cikin majami'un Kudu har yau. Mutanen da aka ƙwace wa gona aka kashe musu fasto ba karatu suka yi a kan abin ba, a jikinsu suka ji.

Nasiru: Kuma wannan zafin ne ya sa wasunsu suka rungumi masu mulkin kama-karya. A Agusta 1980, wata uku bayan kisan da sojoji suka yi a Gwangju, manyan fastoci suka shirya wa Janar Chun Doo-hwan, wanda ya ƙwaci mulki, taron addu'a. Ba duka ba, gaskiya. Akwai fastocin da suka shiga masana'antu suna tsaya wa 'yan mata masu ɗinki, akwai malaman tauhidin minjung, wato tauhidin talakawa, irin su Ahn Byung-mu da aka kora daga aiki aka ɗaure, kuma a 1987 babbar majami'ar Katolika ta Myeongdong ce ta ɓoye ɗalibai masu zanga-zanga, Kadinal Kim Sou-hwan ya tsaya musu. Shi ya sa Katolika ke da kwarjini a can yanzu. Furotesta kuwa sunanta ya ɓaci wurin matasa da yawa: gadon coci daga uba zuwa ɗa, hukuncin da kotu ta yanke wa Yonggi Cho a 2014 kan dukiyar coci, da abin da ya faru a 2007 da 'yan Taliban suka kama mutum 23 na cocin Saemmul a Afganistan suka kashe biyu, jama'ar gida suka fusata da cocin da ta tura su.

Fasto Yakubu: Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma fastocin Koriya da kansu suna faɗinta. Ikilisiyar da ta fara da cokalin shinkafa ta zo tana shari'a a kan hannun jari. Duk da haka suna cikin ƙasashen da suka fi aika 'yan mishan waje, kuma da asuba majami'unsu ba sa rasa mutane.

Sista Saratu: Baba Bulus, to Arewar fa? Urushalimar Gabas ɗin nan, akwai abin da ya saura a cikinta?

Malam Bulus: Abin da ake gani da ido kaɗan ne, Saratu. Bayan yaƙin 1953 babu majami'ar da ta rage a buɗe a Arewa na tsawon shekaru. A 1988 gwamnati ta gina majami'ar Bongsu ta Furotesta da ta Jangchung ta Katolika a Piyongyang, daga baya ta ƙara ta Chilgol a unguwar da mahaifiyar Kim Il-sung ta fito, sai ta Otodoks a 2006. Duka a hannun hukuma suke, can ake kai baƙi, ta Katolikan ma ba ta da fada mazauni. Waɗanda suka tsere suna ba da shaidar cewa samun mutum da Littafi Mai Tsarki kan kai shi sansanin gwale-gwale, wani lokaci har da iyalinsa. Baƙi ma ba su tsira ba: Kenneth Bae an kama shi a 2012 sai 2014 aka sake shi, Fasto Hyeon Soo Lim na Kanada daga 2015 zuwa 2017 yana tsare. Da yawa daga aikin da majami'un Kudu suka yi wa 'yan Arewa a ɓangaren Sin na kan iyaka suka yi shi, suna ɓoye masu tserewa suna nema musu hanya ta kudu maso gabashin Asiya zuwa Siyol, kuma Sin ta kori 'yan mishan Koriya da dama daga yankin a 2017 da bayanta.